Kumatun Ummi da maganin da aka ce mu daina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni uwa ce, ɗinki nake yi a cikin gida, maigidana kuma yana da ɗan shagon tireda a bakin kasuwar garinmu can ƙasar Jigawa. 'Yata ta uku ce ta yi sankarar jini, Ummi muke ce mata saboda sunan surukata ta ci. Mata da yawa suna tare ni a gidan biki ko suna su ce wai ya aka yi muka gane, shi ne na ga gara in rubuta gaba ɗaya in huta, don ni a wurina gane ciwon ba shi ne mai wuyar ba, abin da ya biyo baya ne ya kusa kayar da mu.

Wajen ƙarshen daminar 2022 abin ya fara, tana 'yar shekara huɗu. Zazzaɓi ne, kuma kun san lokacin kowane gida akwai mai maleriya a kwance, to ba wanda ya kawo komai a ransa. Aka kai ta kemis aka yi allurai, ta ɗan ware, bayan kwana biyu jiki ya sake ɗaukar zafi, aka ce ai taifot ne ya haɗu da maleriya aka sake rubuto wasu. Ni abin da ya fara tsaya min a rai ƙafarta ne. Yarinyar da ba ta zama, kullum tana bin yayyenta har bakin titi, sai ga ta ta koma Mama goya ni, Mama ƙafata, da dare ta farka tana kuka tana riƙe ƙwauri. Tafin hannunta ya yi fari fat, in ka ja fatar idonta ba alamar ja. Sai shatin baƙi-baƙi a cinya da ƙwauri, har na tsare yayyenta ina tambayar wanda ya doke ta suna ta rantse-rantse. Daga nan sai haɓo, sai dasashi yana jini in na wanke mata baki, ga kaluluwa a wuya da hammata.

A asibitin garinmu kowa ya ce sikila ce, aka gwada aka ga AA. Jininta dai ya ƙone sosai, babanta ya bayar aka ƙara mata leda ɗaya, muka dawo gida muna hamdala, ba a rufa wata ba ta sake yin fari. Allah ya saka wa wani matashin likita da alheri, shi ne ya kwantar da ita ya danna cikinta a hankali ya ce saifa da hanta sun kumbura, ya ce a yi gwajin da ake ƙirga ƙwayoyin jini gaba ɗaya ba PCV, wato gwajin yawan jini, kaɗai ba. Da sakamako ya fito ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce Malam kada ku kwana, ku wuce Kano.

A Kano aka ɗebi ɓargo. Wanda bai sani ba, ta bayan ƙugu ake shiga da wata allura mai kauri har cikin ƙashi a zuƙo, an ba ta abin da zai sa ta barci amma duk da haka ni dai ban iya tsayawa ba, waje na fita na jingina da bango ina ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Da aka kira mu, babbar likitar yaran ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ta ce ɓargo shi ne inda jiki ke ƙera jini, jajayen ƙwayoyi da farare da kuma wasu ƙanana masu tsayar da jini in an ji rauni. A jikin Ummi wasu fararen ƙwayoyi da ba su nuna ba sun yi ta hayayyafa sun cika ɓargon sun hana sauran wuri, shi ya sa jini ke ƙonewa, shi ya sa haɓo, shi ya sa zazzaɓi baya jin magani, ciwon ƙashin ma daga nan ne. Ta ce sunan irin nata ALL, shi ne ya fi yawa a yara, kuma ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5. Baban Ummi ya tambaya ko wani abu muka ba ta, ko gado ne, ko yayyenta za su ɗauka. Ta ce a'a, ba ya yaɗuwa, ba laifin uwa ba na uba. Sai ta ce wata magana da a lokacin ta wuce ni ban riƙe ba, ta ce Maman Ummi maganin nan sama da shekara biyu ake yi, kuma wahalarsa ba a watan farko take ba.

Watan farko kuwa a gado muka yi shi. Sunayen magunguna da ban taɓa ji ba sai ga ni ina faɗarsu a famasi ba tare da duba takarda ba, vincristine da ake yi ta jijiya sati-sati, asparaginase, da ƙwayar prednisolone kullum. Ga kuma allurar gadon baya, a naɗe yarinya a sa methotrexate cikin ruwan laka, wai saboda maganin da ke bin jini baya isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata kuma ciwon yakan je can ya ɓuya. Jijiyoyin hannunta duk suka ɓace saboda kanula, har a ƙafa an sa mata. In ta hango farar riga daga nesa sai ta cusa hannayenta biyu a cikin zanina.

Kuma ku tuna wane lokaci ne, farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. An sauya 200 da 500 da 1000, tsofaffi ana ƙi sababbi babu, masu POS suna sayar da kuɗi da kuɗi, tiransifa kuma ka tura ta maƙale a hanya. Akwai ranar da Baban Ummi ya tsaya da maganin a gabansa an cire kuɗi daga asusunsa amma bai shiga wurin mai shagon ba, shi kuma ya ce ba zai bayar ba sai ya ga alat, ga nas tana kirana tana cewa lokacin allura yana wucewa. Wani bawan Allah da ke layi a bayansa, bai san mu ba ba mu san shi ba, shi ya biya ya ce in naka ya dawo ka turo min. Wasu magungunan kuma sai an sa su a sanyi, to sai ka ga Baban Ummi da 'yar kular da nake zuba kunun aya ya cika ta da ƙanƙara yana rungume da ita a cikin adaidaita.

Jini ma wani babi ne. Kemo, wato maganin sankarar nan, yana kashe ƙwayoyin jini marasa kyau yana haɗawa da masu kyau, to kusan kullum ana neman jini, kuma sai ka kawo mai bayarwa. 'Yan uwan babanta suka bayar har aka ce sun yi kusa-kusa da yawa su huta. Limamin unguwarmu ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, samari suka cika mota suka zo Kano, wasu ko sunansu ban sani ba har yau. Masu tsayar da jinin nan su ne masu wuyar samu, wani lokaci sai dai a ɗebi jini sabo a sa mata nan take.

Gashinta kuma, hmm. Ummi tana da gashi, irin wanda mai kitso take ƙorafi a kai. Wata safiya ina gyara mata kwanciya na ga jelar kitso ɗaya a kan filo, ta cire ɗungurungum da ɗan ribbom ɗinta a jiki. Na ɗauke da sauri na tura a jaka kafin ta gani. Kwana kaɗan sauran suka biyo, sai muka kira wanzami ya kwashe. Ba ta yi kuka ba, madubi ta karɓa ta duba ta ce Mama na zama Yaya. Ni ce na shiga banɗaki na yi nawa.

To yanzu ga inda nake son ku saurara. Prednisolone ɗin nan yana sa yunwa ta fitar hankali. Ƙarfe biyun dare yarinya za ta tashe ni ta ce tuwo take so da miyar kuka, a ba ta ta cinye ta ce Indomie da ƙwai, in an ce babu ta yi ta birgima tana masifa, yarinyar da ba ta da faɗa. Fuska ta cika, kumatu suka yi bul-bul, ciki ya fito. Ƙarshen watan aka sake ɗibar ɓargo, likita ta fito da fara'a ta ce ciwon ya kwanta, mugayen ƙwayoyin sun koma ƙasa da kashi 5 cikin 100, ba a ganinsu a gwaji. Aka sallame mu. Muka shiga gari da yarinya mai kumatu tana tafiya da ƙafarta, gida ya cika da 'yan barka, kowa ya ɗaga ta sai ya ce tubarkalla masha Allah, ai ta ma fi da kyau, Allah ya kiyaye gaba.

Da lokacin komawa ya yi muka fara haɗa kaya sai magana ta tashi. Hajiya surukata, wadda ba ta da abin so a duniya irin Ummi, kishiyata take ce mata, ta kira ɗanta ta ce wai me za a koma yi? Yarinya ta warke kowa ya gani, za ku mayar da ita a ci gaba da ɗura mata abin da ya zubar mata da gashi, su dai likitoci ba sa cewa ya isa. Wani kawun babanta ya ce dama shi tun farko bai yarda ciwon asibiti ba ne, jifa ne aka yi wa shagon ya faɗa kan yarinya, kuma rubutun da ya aiko ne ya yi aiki. Wata maƙwabciya ta kawo min lambar mai maganin gargajiya da take ji a rediyo wai yana warkar da daji cikin sati kaɗan. Kuma gaskiya ba zan ce mugaye ba ne, duk cikinsu ba wanda bai ba da jini ko kuɗi ba. Ido ne ya gaya musu ta warke. Ga aljihu kuma, a lokacin an riga an sayar da gonar gadon Baban Ummi, 'yan kunnena da sarƙar aurena sun tafi, shago ya koma rabi. Shi kansa na ga jikinsa ya yi sanyi, da dare ya ce min Maman Ummi ko mu ɗan dakata mu ga yadda jikin zai yi?

Ni ba zan iya musu da Hajiya ba, ba a yi min wannan tarbiyyar ba. Abin da na yi shi ne na je na durƙusa na ce Hajiya don Allah ku raka mu wannan karon, ku ji daga bakin likitar da kanku, in kun ji kuka ce a bari shikenan. Ta ɗan yi shiru ta ce to 'yar nan, Allah ya kai mu.

Likitar nan Allah ya yi mata albarka, ba ta yi wa tsohuwa turanci ba. Ta gaishe ta har ƙasa ta ce Hajiya kuna noma? Ta ce da shi muka tashi. Ta ce to kun san wuta-wuta a gonar dawa, in an bi an cire ta gona ta yi fes, shikenan ta ƙare? Hajiya ta ce ina, ai irinta yana cikin ƙasa, baɗi ma sai ta fito. Ta ce to haka ciwon jikarku yake, abin da ido ke gani mun cire, irin yana nan a ɓargo, in aka tsaya yanzu zai dawo kuma in ya dawo ya fi na farko taurin kai. Kumatun nan kuma ba lafiya ba ce, magani ne, in an rage shi za su saɓe. Ta ƙara da cewa addu'a da tofi da zamzam ku ci gaba, mu ma muna so, amma duk wani jiƙo ko gari da za a ba ta ta sha a fara nuna min, don hantarta tana ɗauke da kaya da yawa. Hajiya ba ta ce komai ba har muka fito. A mota ne ta ce wa ɗanta, kai, a sayar da shanun nan biyu da ke wurin Fulani.

Da ba don wannan zaman ba ban san inda za mu kwana ba, saboda na ga ɗaya hanyar da idona. A gadon da ke kusa da namu a watan farko akwai wata baiwar Allah daga wajen Maraɗi da ɗanta namiji, ya ɗan girmi Ummi, ciwonsu iri ɗaya, tare muke cin abinci tare muke raba dare, in na fita sayen magani ita ke kula min da Ummi. Shi ma nasa ya kwanta aka sallame su. Ba su dawo ba. Sai bayan watanni muna layin asibiti na ji an kira ni Maman Ummi, na juya na gan ta da shi a kafaɗa, wallahi ban gane yaron ba. Bai yi sati biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Kuma kada wani ya ce jahilci ne, matar nan ta fi ni fahimtar bayanin likita, kuɗin mota da na magani ne suka gagara, mijinta ya sayar da duk abin da zai sayar. Wani dare bayan rasuwarsa na kasa barci na shiga waya ina karance-karance, na ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yaran da suka kamu da daji suna warkewa, amma a ƙasashe da yawa irin namu ba su kai kashi 30 ba, kuma cikin dalilan da suka lissafa akwai gano ciwo a makare da barin magani a tsakiya. Wai tun 2018 suka sa burin a kai kashi 60 kafin 2030. Na ajiye wayar na ce Allah ya sa, amma yaron Maraɗi dai ya tafi, kuma ba don babu maganin ciwonsa a duniya ba.

Sauran tafiyar ba ta da wani labari mai daɗin ji, kuma ita ce mafi tsawo. Bayan wasu zagaye masu nauyi aka koma abin da suke kira na riƙo, ƙwayar mercaptopurine kullum da dare, methotrexate sau ɗaya a sati, Septrin don kare huhu, sai a koma Kano a duba jini a yi ta jijiya, lokaci-lokaci a yi ta baya. Yarinya tana wasa tana dariya gashi ya fara tsirowa, kai kuma kullum dare sai ka tashe ta ka ba ta ƙwaya, wata da watanni, babu mai zuwa dubiya kuma don kowa ya ɗauka an gama. A nan ne mutum yake gajiya. A 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kuɗin motar Kano ya ninka. Dala da take wajen 460 a banki ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma magungunan nan duk daga waje ake kawo su, duk zuwa sai ka tarar da sabon farashi. Na shiga adashi biyu, ina ɗinki har asuba lokacin Sallah, ƙanwata ta saka mu a wani guruf na WhatsApp na 'yan makarantarsu suka yi mana karo-karo.

Ga tsoron zazzaɓi. An gaya mana in zafin jikinta ya kai 38 kada mu ba ta farasitamol mu kwanta, mu taho ko tsakar dare ne, saboda sojojin jikinta sun yi ƙasa ƙaramin ciwo zai iya kayar da ita cikin awoyi. Na sayi abin auna zafi ina kwana da shi ƙarƙashin filo. Shekarar 2023 kuma ita ce mashaƙo ya yi ɓarna a Kano, ga ƙyanda da ƙarambau da ba sa rabuwa da unguwa lokacin zafi. Na hana ta Islamiyya, na hana ta gidan biki, in yaro mai tari ya shigo sai in san dabarar da zan fitar da shi, har wasu suka ce na fiya iyayi wai 'yata ta fi ta kowa. Na ji, ban tanka ba.

Wanda na fi tausayi a duk wannan shi ne babban yayanta. Shekararsa tara lokacin, aka bar su wurin ƙanwata, ba wanda yake tambayarsa makaranta ko ya ci ko bai ci ba. Wata rana ina haɗa jakar Kano ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Mama ni ma in na yi rashin lafiya za ki tafi da ni? Daga ranar nake ɗaukarsa wani zuwan, ya riƙe mana kati a layi, a hanyar dawowa babansu ya saya masa tsire shi kaɗai.

Cikin 2025 likita ta duba fayil ta ƙirga ta ce an kammala, a daina ƙwaya. Na yi zaton zan yi guɗa, amma tsoro ne ya kama ni, daren farko da ban ba ta magani ba sai da na tashi sau da yawa ina taɓa goshinta. Ba su ce mana ta warke ba tukuna, sun ce za a ci gaba da duba jini, da farko wata-wata sannan a riƙa tazara, sai an yi shekaru kamar biyar babu komai kafin hankali ya kwanta sosai. Kumatun sun saɓe tuntuni yadda likita ta faɗa, ta koma 'yar siririyarta, Hajiya har tsiya take mata wai kishiya ta rame don ta ga an fi ta kyau. Ta shiga firamare a makare, tana aji ɗaya da waɗanda ta girma, ƙafarta ta hagu tana ɗan ja in ta gaji, sun ce vincristine ne kuma yana raguwa. Gonar ba ta dawo ba, shanun ma haka, kuma har yanzu akwai mutum biyu da muke biya kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata. Wata mai kamawa muna da komawa gwajin jini, ku sa mu a addu'a.